Ni Kaɗai Aka Bar wa Ladan Jinyar Inna

Duk wanda ya zo mana gaisuwa bayan rasuwar Inna sai ya ce, "Binta, kin yi ƙoƙari, Allah ya ba da lada." Ina amsawa da amin, don ba a mayar da addu'a. Amma akwai maganar da na haɗiye a lokacin, yau zan fito da ita. 'Yan'uwana su yi haƙuri. Ba tonon silili nake ba, so nake gidan da ciwo bai shiga ba tukuna su ji yadda namu ya kasance.

Mu uku Inna ta bari: Yaya Ado, ni, sai autanmu Musa. Yaya Ado manomi ne, yana zaune da matarsa Hanne a gidan da aka haife mu, wani ƙauye a bakin babban kanal kusa da Kura, Inna kuma tana ɗakinta a cikin gidan tun rasuwar Baba. Musa ya yi boko, yana aikin ofis a Kano. Ni aure ya kai ni wajen Bunkure. 'Ya'yana biyu a lokacin, ƙaramar, Sadiya, ban daɗe da yaye ta ba. Sana'ata garau-garau, wato shinkafa da wake. In noman rani ya kankama, babbar tukunya nake ɗorawa kullum a kai wa 'yan ƙwadago gona. Da ita na sayi akuyoyina, da ita nake zubin adashi, ban taɓa jiran wani ya saya min man shafawa ba.

Shekarar da soja suka canza kuɗi ce, ana tsakiyar tsinkar tumatir. Inna ta jima tana kukan jiri da ciwon ƙeya, ana sayo mata ƙwaya a wurin mai tebur. Ran nan da hantsi ta sunkuya za ta ɗauki buta, sai ta zube. Da saƙo ya iso, maigidana Malam Idi bai ja ba. Ya ce, "Tashi ki je, uwa ba wasa ba ce. Yaran Iya za ta riƙe su kwana biyu." Iya mahaifiyarsa ce. Zani biyu na ƙulla a ɗankwali na tafi, don ni ma kwana biyun na ɗauka.

Na tarar da Inna kwance, bakinta ya karkace, ɓarin dama ya mutu murus, magana sai gurnani. Ɗakin ya turnuƙe da hayaƙi har ido na yaji. Gwaggo Talatu, ƙanwar Baba, ta riga ta yanke hukunci: iska ce, ai an sha hana Inna zuwa bakin kanal da almuru ba ta ji. Na ce a kai ta asibiti. Gwaggo ta ce allura da iska ba sa shiri, in aka soka mata shi ke nan. Yaya Ado ya ce a dai bari motocin kudu su ɗauki tumatir, don kwanduna suna jibge a gona, rana ɗaya suka ƙara sun ruɓe. Haka muka ɓata kwanaki ana hayaƙi ana shafe-shafe, wanzami ma ya zo ya yi mata ƙaho. Sai da na ce zan goya ta in fita titi da ita kowa ya gani, sannan Yaya ya samo a-kori-kura. A kan buhunan wofi muka shimfiɗa ta, motar tana warin ruɓaɓɓen tumatir. Direban, Allah ya saka masa, ya ƙi karɓar ko kwabo. A Kura suka duba ta suka ce wannan sai birni.

Asibitin birni kuwa, wanda bai taɓa zuwa ba ya gode wa Allah. Layin kati daban, layin ganin likita daban, ga Inna a kan tabarma a baranda, ƙuda na bin bakinta, hannun da za ta kore su babu. Kafin a ba mu gado Yaya ya fara duban rana.

"Binta, gobe ne ranar ruwanmu. In na rasa ta alkamar nan ta ƙone."

"To ni fa, Yaya?"

"Ai ga Musa nan a gari."

Musa ya zo da la'asar, kaftani a goge, ya yi Turanci da likita, ya sa hannu a aljihu ya ba ni abin da ya sawwaƙa, ya ce gobe akwai aiki. Likitan ne ya dawo ya yi min bayani da Hausa. Ya ce hawan jini ne ya taɓa ta a ka. Sai ya faɗi maganar da har yau ban manta ba.

"Abin da zan rubuta kaɗan ne daga cikin maganinta. Sauran hannu ne. Ku riƙa juya ta, ku wanke ta, ku motsa mata gaɓoɓi. In kuka bar ta a gefe ɗaya, shimfiɗa za ta cinye ta."

Ya ce "ku". Na waiga, ba kowa a bayana.

Lokacin asibiti ba magani, takarda kawai ake rubuta maka ka tafi kyamis. To in na tafi kyamis wa zai zauna da ita? Allah ya haɗa ni da wata baiwar Allah 'yar Dawakin Kudu da ke jinyar 'yarta a gadon kusa da namu. In zan fita ta duba min Inna, in za ta fita in duba mata 'yarta. Ko sunanta na gaskiya ban sani ba, Maman Ladi muke ce mata, amma a mako na biyu da zazzaɓi ya kama ni ita ta ba Inna kunu da cokali. A makon nan na aika aka sayar da akuyata ta farko. A na uku aka sallame mu, aka ce a je gida a ci gaba.

Da muka dawo ba a yi wani zama ba. Ba wanda ya ce, "Binta, ke za ki zauna," balle a tambaye ni ko zan iya. Tabarmata kawai na gani an shimfiɗa a ɗakin Inna, an ajiye fo a bakin ƙofa. Na sami Hanne a madafa na ce mu raba, ni safe ita yamma.

Ta riƙe baki. "Haba Binta! Ni suruka, ina ni ina ganin tsiraicin Inna? Wallahi kunya ba za ta bar ni ba."

Ba zan ci haƙƙinta ba, girki tana yi, kuma ba ta taɓa hana ni tuwo ba. Amma kunyar nan tata ta yi mata rana. Ita ta tsare ta daga ɗagawa, da wanki, da zubar da fo.

Inna ba ƙaramar mace ba ce. Kafin in zaunar da ita sai na durƙusa na rungumo ta ta baya, in ja, ƙashin bayana yana ƙara. In wanke ta, in shafa mata mai, in juya ta, in matsa mata yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kunu sai an ɗiga mata a hankali, rabi ya shiga rabi ya dawo. Kafin in gama shanya zannuwan safe ta ɓata na rana. Ga shi shekarar sabulu ya zama zinariya, sai an yi layi a birni, mu na ƙauye sai dai labari. Da ruwan toka da sabulun salo nake wanki har tafin hannuna ya tsattsage, in na taɓa gishiri sai na yi tsalle. Wani lokaci ina cikin wanke ta sai in ga hawaye na bin gefen fuskarta. Macen da ko ɗankwalinta ba ta yarda wani ya wanke mata ba. Sai in ce, "Inna, ai ramawa nake, ke kin manta nawa?" Ta yi 'yar dariyar nan ta gefen baki. Wannan kam ban taɓa jin nauyinsa ba.

Abin da ya fi ci min rai 'yan dubiya. Ba na cewa kada a zo, zumunci ne. Amma a zo a cika ɗaki, a miƙe ƙafa, sai na bar wanki na kawo ruwa, na dama fura, in azahar ta yi a jira abinci. Kowa kuma da nasa maganin. Wannan ta ce man shanu da tafarnuwa. Waccan ta ce akwai wani malami a Madobi, ya taɓa tayar da wanda ya shekara kwance. Gwaggo Talatu ta ce ai tun farko ta faɗa, allurar ce ta ƙarasa ta. Kowace shawara da kuɗinta, mai ba da ita kuma da ya gama sai ya kaɗe zani ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Akuyata ta biyu a kan malamin Madobi ta tafi, don da na ƙi, cewa za a yi na fi son akuya da uwata. A cikin duk masu zuwan nan, da a ce ɗaya ta ce, "Binta, kwanta ki runtsa, ni zan kore mata ƙuda," da na fi jin daɗinsa a kan lemon da suke kawowa.

Musa yakan zo ƙarshen wata da burodi da gwangwanin madara. Burodin ma Inna ba ta iya haɗiya, yaran Hanne ke cinyewa. Zuwansa kamar na mai duba makaranta: an ba ta ƙwayar a kan lokaci? Me ya sa ɗakin ke wari? Wani zuwan ina juya ta ya hangi wurin da fata ta saluɓe a ƙugunta.

"Yaya Binta, mene ne wannan? Ba likita ya ce a riƙa juya ta ba?"

Na ce, "Ya faɗa. Cire agogonka ka kama ƙafafun."

Ya kama, ba laifi. Kafin mu gyara mata kwanciya gumi ya jiƙa masa kaftani. Ya fita tsakar gida ya daɗe yana wanke hannu, da la'asar ya bi mota.

Yaya Ado kuwa kullum da safe zai tsaya a bakin ƙofa, "Inna, ya jiki? Binta, sannu." Ya saɓa fartanya ya tafi. An yanke alkama, an sayar, na ga ya sake wa kekensa taya, amma ban ga ya tambayi da me ake sayen ƙwayar hawan jinin ba. Shi a ganinsa tunda hatsinsa ake ci a gidan, ya sauke nasa.

A can gidana kuma komai na zubewa. 'Yan ƙwadagon da ke cin garau-garau ɗina sun koma wurin wata. Adashi na kasa zubi, aka cire ni. Akuyoyi suka ƙare, na aika aka sayar da babbar tukunyar. Ranar da aka ɗauke ta ba na nan, gara haka. Malam Idi yana zuwa ranar Juma'a a keke, da ɗan gero ko kuka, ya gaida Inna, ya ce yara lafiya. Bai taɓa ce min in dawo ba. Amma na ga rigarsa ba wanki, na kuma san Iya tsohuwa ce, ba ta da ƙarfin bin yara biyu.

Gab da azumi, ana zafin nan mai sa bango ya yi ɗumi har asuba, ya zo wata Juma'a tun kafin masallaci. Bai shigo ba, ya aika a kira ni soro.

"Binta, ban zo da faɗa ba. Ƙyanda ta kama Sadiya. Ta fito mata har cikin ido. Ba ta cin komai, sunanki kawai take kira."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Na ce kada a tayar miki da hankali, amma yau na ga abin ya fi ƙarfin Iya."

Na sami Yaya yana alwala na faɗa masa. Ya yi salati, ya yi jaje, sannan ya ce, "To yanzu wa zai zauna da Inna? Ki bari a ga gobe mana. Ƙyanda ai kowane yaro yana yi."

Na koma ɗaki na zauna kusa da Inna. Ashe ta ji. Ta ɗago hannunta mai lafiya ta dafa gwiwata, ta tura. Ta sake turawa. Da ƙyar ta haɗa kalmar.

"Je... ki."

Da aka sauko daga masallaci maza suka taru a soro kamar yadda suka saba: Yaya, da Musa da ya zo ƙarshen wata, da limamin garin, da wasu dattawa. Liman ya ɗaga murya don in ji daga ciki.

"Ina Binta? Albishirinki, 'yata. Ladan da kike tarawa, mu nan sai dai mu yi sha'awa."

Bahon zannuwan safe yana gabana, ban wanke ba. Na yafa mayafi, na ɗauke shi, na shiga soron da ban taɓa shiga ba in maza na zaune, na dire shi a tsakiyar tabarma. Kowa ya ja baya. Wani ya toshe hanci da hula.

Na durƙusa na gaishe su, sannan na ce, "Allah gafarta Malam, ladan nan da ake ta yi min albishir da shi, ban ce ni kaɗai nake so ba. Mu uku ta haifa. Ga na yau nan, a raba. 'Yata tana kwance, zan tafi."

Yaya ya miƙe. "Binta! Kin haukace ne? A gaban mutane?"

"A gabansu, Yaya. A bayansu na yi wata da watanni ba wanda ya gani."

Na fita. Malam Idi ya ɗora ni a bayan keke muka bi gefen kanal. Har muka isa ban daina kuka ba, kuma ban san wa nake yi wa ba, Inna ko Sadiya.

Sadiya ta tashi, alhamdu lillahi, bayan mun yi ta kai-kawo asibitin Bunkure. Amma ƙyandar ta bar mata hakiya a idon hagu. Ko da ina nan hakan za ta faru, ko ba za ta faru ba, Allah ne masani. Ni dai duk sanda na kalli idon sai na yi wannan tambayar.

Da na koma wurin Inna bayan mako guda da 'yan kwanaki, na shiga da fargabar abin da zan tarar. Sai na tarar da ɗaki a share, zannuwa a kan igiya, Hanne na ba Inna kunu. Ashe da na fita Liman ya ce, "Yarinyar nan ta fi mu gaskiya." Ya zaunar da Yaya da Musa ya raba musu. Aka kira Iya Abu, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta saba jinya, Musa zai riƙa ba ta wani abu duk wata, ya kuma ɗauki sayen magani da sabulu. Yaya zai riƙa ɗaga Inna safe da yamma kafin ya tafi gona da bayan ya dawo. Iya Abu ta ce wa Hanne, "Kunyar nan ki ninke ta ki sa a adaka, in Inna ta warke kya ɗauko." Matan unguwa ma suka raba kwanaki, kowace ta zo ta zauna wuni guda.

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Na gode musu, har zuciyata. Amma haushi ya fi godiyar yawa. Ashe duk wannan mai yiwuwa ne. Mutanen nan suna nan tun ranar farko, kuɗin Musa yana nan, ƙarfin Yaya yana nan. Abin da ya rage kawai a zauna a faɗa, ba a zauna ba sai da na yi rashin kunya.

Daga nan nakan yi kwana uku a can, huɗu a gidana. Inna ta ɗan murmure, har tana kiran sunayenmu. Sai dai gyambon ƙugun ya riga ya yi zurfi, bai ƙara rufewa ba. Bayan ƙaramar salla, damina ta sauka, ta rasu wata safiya muna tare da ita, ni da Hanne. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ranar sadakar bakwai na ga ikon Allah. Buhunan shinkafa, rago, goro, har da rumfa. Kuɗin da ba a gani ba tana da rai sai ga shi ya fito da ƙafarsa. Mutane suna ta yaba 'ya'yan Inna maza, sun fitar da ita kunya. Ni ina gefe ina kallon ragon, ina tunanin sabulu nawa ne a jikinsa. Ba wanda ya tambayi ina tukunyata. Malam Idi ne ya sayo min ƙarama bayan girbi, na sake farawa daga tushe. Bayana kuwa har yau in hadari ya haɗu sai ya faɗa min kafin kowa.

To ga abin da nake so a ji. In ciwo mai kwantarwa ya shigo gida, marasa lafiya biyu ne, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, na tsayen kuma ba mai tambayar jikinsa. Ku zauna tun makon farko, kafin kowa ya saba da cewa wance ce mai yi. Mai kuɗi ya faɗi abin da zai bayar, mai ƙarfi ya faɗi ranarsa. Wadda ta bar sana'arta ta zo, a san cewa abincinta ta bari, a mayar mata. In kuma dubiya za ku je, ku tafi da sabulu, ku tafi da niyyar zama.

Shekaru da dama bayan haka, irin ciwon ya kwantar da Yaya Ado. Da na isa na tarar an ɗauko 'yarsa Maryam daga ɗakin mijinta, da jariri a bayanta, an shimfiɗa mata tabarma. Ban ko cire mayafi ba na sa aka kira min 'ya'yansa maza da Musa, na ce yau za a raba, ba gobe ba. Aka raba. Na ce wa Maryam ta koma gidanta, ranarta Talata, ni na ɗauki Laraba da Alhamis.

Yaya yana jin mu. Da suka fita na jawo ruwan ɗumi na zauna kusa da shi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce da bakinsa da ya karkace, "Binta, har yanzu ba ki huce ba?"

Na ce, "Na huce, Yaya. Mantawa ce ban yi ba. Ɗaga hannun in goge maka."